Inda ido ke komawa baya: bambancin karatu da kallo

Kwanakin nan gardama ta yi zafi. Wasu na cewa bidiyon minti goma ya wadatar, ba sai an buɗe littafi ba. Wasu kuma na cewa waya ce cutar, takarda ce maganin. Dukkansu sun tsallake mataki guda, wato yadda ido ke komawa baya lokacin karatu, kuma a kansa za mu daɗe.

(Hoto: shafin littafi, jan ɗigo yana tsalle a kan layi)

Wannan jan ɗigon idon mai karatu ne, na'ura ke bin sa. Kun ga ba tafiya yake yi sumul ba. Ya tsaya kamar rubu'in daƙiƙa, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. To, ku lura da nan. Ya koma baya. Ga shi ya sake.

Masu nazarin motsin ido, irin su marigayi Keith Rayner, sun daɗe da gano cewa a cikin tsalle 100, kusan 10 zuwa 15 na komawa baya ne. Shi mai karatun bai ma san yana yi ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ci karo da jimlar da ba ta zauna mata ba, sai ta aiki ido ya je ya sake dubawa. A 2014, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Elizabeth Schotter da abokan aikinta suka toshe wannan hanya: da zarar ido ya wuce kalma, sai kwamfuta ta lulluɓe ta da jerin harafin X. Ko mutum ya koma, babu abin gani. Fahimta ta ragu, kuma ba a jimloli masu sarƙaƙiya kaɗai ba, har a masu sauƙi.

(Hoto: malami yana bayani a allon waya)

Haka bidiyo yake. Magana ta fito, ta wuce, wata ta hau kanta. Za ku ce ai akwai wurin tsayarwa. Akwai. Amma kafin mutum ya taɓa shi sai ya fara gane cewa bai gane ba, sannan ya ɗaga yatsa, ya ja baya, ya lalubo wurin. Ido a kan shafi ya gama duk wannan kafin ƙiftawa.

Kuma gane cewa ba a gane ba shi ne mai wuyar, domin kallo yana da daɗin shiga. A 1984 Gavriel Salomon ya raba yara 'yan aji shida gida biyu: wasu suka kalli labari a talabijin, wasu suka karanta shi. Yaran sun ɗauki talabijin abu mai sauƙi, sai suka rage ƙoƙarin da suke zubawa. Waɗanda suka karanta sun fi iya amsa tambayoyin da ke buƙatar a zaƙulo abin da ba a faɗa kai tsaye ba. Wannan yana damu na ƙwarai game da ɗalibanmu masu shirin JAMB: yaro ya kwana kallon darasi, ransa fes, washegari takardar tambaya ta zo ya rasa ta inda zai fara.

Takarda da waya fa? A 2018 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Valencia ta Sifaniya suka tattara bincike 54 na mutane sama da 170,000. Takarda ta ɗan fi allo wajen fahimtar rubutun bayani, musamman idan an ƙayyade lokaci. A rubutun labari kuwa babu wani bambanci. Saboda haka mai karanta littafinsa a waya karatu yake yi, ya dai kashe saƙonni masu faɗowa.

Sauran a gurguje. Kalmomi: wata ƙidaya ta 1988 a Turanci ta sami kalmomin da ba a cika amfani da su ba kusan 31 cikin 1,000 a littattafan yara, shirye-shiryen talabijin na manya kuwa kusan 23. Barci: a wani gwaji a Boston da aka wallafa a 2015, masu karatu a iPad da dare sun fi masu littafin takarda jinkirin barci da kusan minti 10.

(Hoto: tela yana yanka yadi)

Mu ba bidiyo haƙƙinsa. Yankan riga, naɗin rawani, kwance injin babur: nan ido ya ga hannu ya fi shafi goma.

Amma idan darasi ne na tunani, ga yadda za a yi. Kada a ƙara wa bidiyon gudu. Duk bayan minti uku zuwa biyar a tsayar, a kife wayar, a rubuta abubuwa uku da aka faɗa ba tare da leƙawa ba. Inda alƙalami ya cije, nan ne ba a gane ba. A buɗe littafin a daidai wannan babin, a karanta shi a hankali, sannan a ci gaba da kallon.