Tukunya, gishiri da kuɗin cefane

Wata malamar lafiya ce ta gabatar da wannan lacca ga iyaye mata da magidanta a wata makarantar Islamiyya da ke ƙauyukan Ringim. An rubuto ta daga naɗin murya.

Assalamu alaikum. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku malamai da ke can gindin darbejiya, sannunku da zuwa. Na san wasu sun baro sanwa a murhu, ba zan ja ku da nisa ba.

Bari in fara da tumatir. Idan kayan gwari suka fito daga Kadawa da fadamun Haɗejiya, sai ya yi arha har a raina shi, kwana uku kuma ya fara ruwa a zubar. Kuɗin maigida ne fa ake zubarwa a juji. Alhali dabarar adana shi a nan Jigawa ta yi suna. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, shi ya yaɗa tukunya cikin tukunya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ki samu tukunyar ƙasa babba, ki saka ƙarama a ciki, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa shi sosai. Ki zuba tumatir ko yalo ko tattasai a ƙaramar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa ya tafi da zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Safe da yamma ki ƙara wa yashin ruwa. Da rani ta fi aiki, da damina iska na da laima, sanyinta kan ragu.

Wanda ya yi yawa a yi kauda, amma a kan tabarma mai tsabta, a sama, ba a gefen kwalta ba.

Wake kuwa, ina roƙonku don girman Allah, ku daina zuba masa fiya-fiya. Abin da ya kashe ƙwaro ba ya tausayin cikin yaro. Akwai buhu mai hawa uku, ko jarka mai murfi: a busar da waken sarai, a cika, a toshe, ƙwaron ya rasa iska ya mutu. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna kuma a zubar, gubar da ke ciki hanta take ci.

To, ga inda ya fi damuna, gishiri. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta iya miya, amma sai ta sa gishiri, ta marmasa dunƙule huɗu, a kan tuwo kuma ga yaji shi ma da nasa. Wata asuba ta ɗauki buta, butar ta suɓuce, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. A asibiti aka ce hawan jini ne, ya daɗe a jikinta ba mu sani ba. Shekara biyu ina juya ta a shimfiɗa. Shi ya sa ba na gajiya da wannan maganar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da yaji da burodi. Dunƙulen nan, kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne. In kin sa shi, ki rage gishirin. Ga daddawarmu ta kalwa, ga albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, ga garin busasshen kifi. Kada ki yanke rana guda, maigida zai ture kwano. Ki rage kaɗan kaɗan, harshe zai saba.

Malamai, yanzu da ku nake. Ciyarwa a wuyanku take, haka addini ya ce. Amma me ya sa uwargida ba ta san dami nawa ke cikin rumbu ba? Da kaka a kwashi gero a kai Gujungu a sayar da arha, watan Yuli a dawo ana auno shi da tsada, sannan a ce mace ba ta da tattali. Ku zauna tare bayan isha'i, ta faɗa maka kwano nawa gidan ke ci a mako, ku lissafa har zuwa sabon gero, ku ware wannan, ba a taɓawa. Ragowar ne na kasuwa.

Ke kuma, kuɗin ƙuliƙulinki da adashinki da akuyarki naki ne. In kin taimaka, ki faɗa da baki: wannan kyauta ce, wannan rance ne. Na sha raba rigimar da asalinta dubu biyar ce da aka karɓa ba a sa mata suna ba.

Na ga Inna ta ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, Inna, a matso mata da lasifikar.