Yadda Ake Neman Suna a Filin Tunawa da Sojojin da Suka Mutu a Yaƙi

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? Madalla. Abubuwa huɗu zan faɗa game da ziyarar filayen tunawa da mazan jiya. Na farko shiri ne, kuma shirin daga gida yake farawa.

Kada ka je irin wannan wuri da suna kawai a bakinka. A maƙabartar Taukkyan da ke arewa da Yangon, a ƙasar Bama wadda yanzu ake kira Myanmar, akwai kaburbura sama da 6,000 na Yaƙin Duniya na Biyu. A tsakiyarta kuma ga ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san inda aka binne su ba, cikinsu har da sojojin Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Dubu ashirin da bakwai! In ka ce za ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, rana za ta faɗi ba ka ci rabi ba.

To, me za ka yi? Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, ta sa rajistarta a intanet kyauta. Ka nemi mutuminka a can tun kafin ka tashi. Amma a nan gizo ke saƙa. Magatakardan soja da kunne suke rubuta suna. Garba ya koma Garuba, Muhammadu ya koma Momadu ko Mamadu, Audu ya koma Awudu. Da yawa kuma ba sunan uba aka sa musu ba, sunan garin da suka fito aka liƙa. Sai ka tarar da mutum goma suna ɗaya, bataliya ɗaya. Saboda haka lambar soja ita ce madogara. Ku rubuta wannan: lambar soja. Tana kan takardar sallama, tana kan takardun fansho, tana kan wasiƙun da ya aiko gida. Suna yana canjawa a bakin magatakarda, lamba ba ta canjawa. In babu lamba, haɗa uku: suna a duk rubutun da zai iya ɗauka, sunan rundunarsa, da shekarar da labarinsa ya yanke.

Idan ka same shi, rajista za ta ba ka adireshin kabarin kashi uku: sashe, layi, sai lambar kabari. Sashe da lamba, layi da harafi. Kwafe shi a takarda, kada ka dogara da waya, don caji na ƙarewa. In an manta, a mafi yawan maƙabartun hukumar akwai wata 'yar ƙofar tagulla a bango kusa da mashiga, a ciki akwai rajista da taswira da littafin baƙi. Wanda ba shi da kabari kuwa, lambar allon bango za a ba ka, kuma a allon an jera su ne runduna-runduna, sannan muƙami, sannan haruffa. Wanda bai san rundunar ba sai ya yi ta zagaye.

Na biyu, kowane fili da tsarinsa fa. Bangon tunawa da yaƙin Biyetnam da ke Washinton, wanda aka buɗe a 1982, sunaye sama da 58,000 ne, kuma ba bisa haruffa aka jera su ba, bisa ranar da mutum ya faɗi ne. Kusa da kowane suna akwai alama: mai kama da lu'ulu'u, an tabbatar ya mutu, mai kama da gicciye, ya ɓace. A can mutane kan ɗora takarda a kan suna su goga fensir su tafi da shi gida. A wani wurin kuwa sai ka tambayi mai gadi tukuna.

Na uku, lokaci. A Ƙofar Menin, wurin tunawa da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da ke Ypres a Beljiyam, ƙarfe 8 na kowane dare ake busa begilar bankwana, tun 1928, ban da shekarun mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Je da wuri, wurin na cika. Na huɗu, ladabi a taƙaice: sassauta murya, kada a zauna kan dutsen kabari, kada a wanke shi da sabulu ko a kankare shi, yana cin rubutun.

Na'am, Malam? Ɗan ɗaga murya. Yana tambaya: idan an duba ko'ina ba a ga sunan kakansa ba fa?

Fara duba ranar rasuwa. Hukumar tana ɗaukar wanda ya mutu daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, ko daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Wanda ya dawo gida ya rasu bayan nan, ba za ka gan shi ba. Amma akwai wani dalilin mai ciwo. A 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 na Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba, kuma ta nemi afuwa. Don haka, Malam, tattara abin da ke hannunku, lambar soja, wasiƙa, shaidar rasuwa, ku ɗauki hotonsu ku aika wa hukumar. In hujja ta tabbata, ana ƙara suna. Ainihin takardun kuma ku riƙe a gida, kwafi kawai za ku tura.