Idan gwaji ya ce lafiya lau, amma jiki bai yarda ba

Assalamu alaikum jama'a. Da wuya mai ciwon damuwa ya shiga ɗakin likita ya ce "damuwa ke damuna". Abin da za ka ji shi ne: "Likita, kaina na zafi", ko "wani abu na yawo a jikina". A sha maganin maleriya a kemis, a sha na taifot, a koma kan olsa, ciwo yana nan daram.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi wajen gane ciwon damuwa mako biyu ne. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so a da ya fita ransa, abinci ba ya shiga, yana farkawa tun kafin kiran assalatu barci ya ƙi dawowa, to abin ya wuce ɓacin rai. Magidanci ya daina fita kasuwa, a gida a ce lalaci ne.

Fargaba kuwa takan zo farat ɗaya: gaba ya faɗi, zuciya ta dinga bugawa, numfashi ya sarƙe, mutum ya tabbata mutuwa ce. Takan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ta lafa. A fara duba zuciya, ƙarancin jini da maƙoƙo, domin su ma suna kawo irin haka.

Wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga a yankin Isa ko Sabon Birni na jihar Sakkwato yakan zabura da jin ƙarar babur, abin ya riƙa dawo masa a mafarki. Idan ya haura wata guda, a nemi taimako. Mai jego ma a lura da ita: kukan kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce, ko ta ƙi jaririn, ko ta fara sambatu, a kai ta asibiti. Ruƙiyya ba ta hana ganin likita.

A Sakkwato akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Zama da mai ba da shawara yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, galibi sau ɗaya a mako, kuma sirri ne. Inda ake yawan samun matsala shi ne maganin damuwa da likita ke rubutawa: sai ya yi mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, mutane kuma su ajiye shi a kwana na biyar. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, tsayar da shi lokaci guda kan dawo da ciwon. Tiramol da kodin kuma ƙara dagula lamarin suke yi.

Idan ɗan'uwa ya ce ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke fiya-fiya, igiya da magunguna daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar.