Farosesar sabar rumbun bayanai: ƙwaya nawa ke isar aikinka?

Assalamu alaikum ƴan uwa mutanen Damagaram, da fatan kun wuni lafiya. Daga Lyon ta ƙasar Faransa nake magana, ga kuma saba na buɗe a kan tebur. Tambayar da kuke yawan aiko mini ita ce: asibiti, ko makaranta, ko asusun ba da rance zai girka rumbun bayanai a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, wace farosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, za a saya? Sau da yawa mai sayarwa ya riga ya ce a ɗauki mai ƙwaya (core) 40, wato sassan farosesa da kowane ke aikinsa daban, wai yawan ƙwaya shi ne ƙarfi. Don Allah kada ku biya ko dala kafin ku auna aikinku.

Bari in matso da kyamara. Wannan Dell PowerEdge R730 ce, irin ta hannu da ake yawan samu a kasuwa. Ga gurbin farosesa biyu, kowanne da ƙarfen sanyaya a kansa, ga kuma ramukan RAM 24, wato ma'ajiyar wucin gadi da farosesa ke aiki da ita, sha biyu na kowace farosesa. Za mu komo kansu.

Aikin rumbun bayanai iri biyu ne. Akwai ƙananan tambayoyi masu yawa: an yi wa majinyaci rajista, an rubuta kuɗin da wani ya zuba, an duba sauran magani a sito. Akwai kuma manyan rahotanni da ke bin layuka miliyoyi, kamar lissafin ƙarshen wata. Kusan duk aikin da ake yi a Damagaram nau'in farko ne, shi kuwa saurin ƙwaya ɗaya yake so. Dalili, ƙaramar tambaya ƙwaya ɗaya ce ke ɗaukar ta daga farko har ƙarshe. Kamar riga ce a hannun tela: ko teloli 20 ne a shagon, rigarka mutum ɗaya ke ɗinka ta, kuma saurin hannunsa ne zai sa ka samu da wuri. MySQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, haka yake tafiyar da kusan dukkan tambayoyinsa. Takwaransa PostgreSQL ya fara raba babbar tambaya ga ƙwayoyi da yawa tun fitowar 9.6 a 2016, amma in ba ka taɓa saitin ba, mataimaka biyu kawai yake ƙara mata.

To ku kwatanta farosesa biyu da ke shiga wannan gurbin. Xeon E5-2699 v4 ƙwaya 22 gare ta, gudunta 2.2 GHz. Xeon E5-2667 v4 ƙwaya 8 ce, amma gudunta 3.2 GHz. Ga ma'aikacin da ke zaune a kanta mutane na layi gabansa, ta biyun ce za ta fi amsa masa da sauri, ni kuwa ita zan zaɓa.

Yanzu lissafin, ku ɗauko biro. A lokacin da aiki ya fi cunkoso, misali safiyar biyan albashi, ku ƙirga tambayoyin da ke shigowa cikin daƙiƙa ɗaya. A PostgreSQL ku kunna pg_stat_statements, zai nuna muku sau nawa aka yi kowace tambaya da lokacin da take ci. A ce tambaya 400 ke shigowa a daƙiƙa, kowace tana cin milisakan 5 na farosesa. 400 sau 5 ya ba da milisakan 2000, daƙiƙa ɗaya kuwa milisakan 1000 ce, wato ƙwaya biyu cike maƙil. Amma ba a barin farosesa ta cika, don tun daga kashi 80 cikin 100 jira yake fara tsawo ƙwarai, a kashi 90 kuwa kowa sai ya ji a jikinsa. Ku sa iyakarku a kashi 60: biyu a raba da 0.6, kun samu uku da ɗoriya, a ce huɗu. Ku ninka saboda ƙaruwar aiki ta shekaru uku masu zuwa da kuma kwafin ajiya na dare, kun tsaya a takwas. Ina 40 ta fito?

In lasisi kuke biya, abin ya fi zafi. SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, ana sayen lasisinsa bisa ƙwaya, biyu-biyu, mafi ƙaranci huɗu ga kowace farosesa, kuma in kai tsaye kuka girka shi kan injin, duk ƙwayoyin da ke ciki sai an biya musu. Nau'in Standard na 2019 da 2022 ba ya amfani da fiye da 24. Wanda ya cika gurbi biyu da masu 22 zai biya kuɗin 44, ashirin na zaune ba aiki.

Mu koma kan ramukan nan. Kowace farosesa da nata RAM ɗin. In ta farko ta nemi bayanin da ke ɓangaren ta biyu, sai ya bi ta hanyar da ta haɗa su, ya fi jinkiri. Wannan tsarin shi ake kira NUMA. Saboda haka in farosesa ɗaya ta ishe ku, ku bar gurbi na biyu fanko, kuran ma ya ragu, sai dai ku sani ramukan RAM na wancan gefen ba za su yi aiki ba. Wannan farosesar hanyoyin RAM huɗu gare ta, don haka ku sa sandar RAM huɗu ko takwas iri ɗaya. Sanda ɗaya babba ita kaɗai tana barin hanyoyi uku a rufe.

Kuma sau tari ba farosesa ce ke da laifi ba. A Linux ku rubuta vmstat 1, ku kalli ginshiƙai. In ginshiƙin "wa" ne ya hau, diski ake jira, maganinsa ƙarin RAM ko diski mai sauri irin SSD, sabuwar farosesa ba za ta canza komai ba. In ginshiƙin "us" ne ya hau, kuma "r", wato yawan ayyukan da ke neman farosesa, ya wuce yawan ƙwayoyinku, to farosesar ce ta cika, amma ko a nan ku fara duba tambayar da ba ta da indeks, wato fihirisar da ke kai ta kan layin da take nema kai tsaye, don ita kaɗai tana iya cinye ƙwaya guda. In kuwa saba kuka yi haya ta intanet, ku duba st, shi ne lokacin da maƙwabtanku a injin suka ƙwace muku. Ku tuna vCPU, wato kason farosesa da masu haya ke ba ku, ɗaya galibi zaren aiki (thread) ɗaya ne, ƙwaya ɗaya kuwa zare biyu take ɗauka. Kuɗin da kuka rage daga farosesa ku zuba shi a RAM mai ECC, wato mai gyara kuskure da kansa. A PostgreSQL ku ba saitin shared_buffers, wato kason RAM da rumbun ke riƙe bayanai a ciki, kusan kwata na RAM, a MySQL kuma ku ɗaga takwaransa innodb_buffer_pool_size, don 128 MB kawai yake zuwa da shi. Masu haɗuwa da rumbun in sun yi yawa, ku sa PgBouncer, manhajar da ke tattara haɗin masu shiga PostgreSQL, a gaba maimakon ɗaga max_connections, wato iyakar masu haɗuwa, daga 100 zuwa dubu.

Sai zafi, abin da ya fi damuna da sabobin gida. Irin wannan injin an yi shi ne don iskar da ke shiga ta tsaya tsakanin digiri 10 da 35, Damagaram kuwa a Afrilu da Mayu ta kan wuce 40. Farosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu, sai a ce ta yi kaɗan alhali ɗaki ne ba sanyi. Ku kalli tsakanin haƙoran ƙarfen nan, nan ƙurar hunturu ke toshewa. Ku kashe injin ku hure shi da iska, ku riƙa duba zafinsa ta iDRAC, wato tsarin lura da injin na Dell, a BIOS kuma, wato saitunan farkon kunna injin, ku sauya tsarin wuta zuwa Performance, amma sai in ɗakin na da na'urar sanyi da UPS, wato batirin riƙe wuta, mai iya ɗaukar nauyin.