Jawabin Maraba a Wajen Buɗe Nunin Hotunan Wa da Ƙanwa a Kasala

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, mai girma Hakimi, baƙonmu daga ƙasar Hausa, Allah ya ja zamaninka. A madadin dattawan unguwa, malamai, iyaye mata da matasan Hausawan Kasala ta gabashin Sudan, muna maka barka da zuwa, barka da hanya. Hanyar da ka biyo a jirgi ita ce kakanninmu suka tako da ƙafa suna nufin Makka ta Sawakin, wasu kuma suka biyo ayarin hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin da ya kafa garin Mai Wurno a bakin Nilu. Fuskokin da za ka gani a bangon ɗakin nan na jikokinsu ne.

Masu aikin wa ne da ƙanwarsa, ciki ɗaya. Shi ke da gawayi, tawada da launi; ita ke da ƙyalle, zare da fata. Allo ɗaya suke haɗuwa a kai, kuma duk wahalar tana wajen sanin hannun da zai fara sauka.

Allon falanki ne mai kaurin milimita 9, faɗi santimita 50, tsawo 70. Gaba da baya ake shafe shi da gam, don in fuska ɗaya ce kawai ta sha danshi sai ya lanƙwashe. Ana wanke damuriyya, wato yadin auduga na Sudan, tukuna ta zubar da sitaci, ta gama tsukewa, sannan a manna ta da farin gam na kafinta, kashi biyu gam, kashi ɗaya ruwa. A kanta ake shafa garin alli da aka dama da gam, shafi uku marasa kauri, ana gogewa tsakanin kowanne. Gam ya yi yawa, shafin ya tsage. Ya yi kaɗan, allin ya biyo yatsa.

Daga nan wan zai zana inuwar mutum da gawayi, ya janye hannu. Ƙanwar za ta yanko riga ko lulluɓi daga tsohon tobi, wato lulluɓin matan Sudan, ko jallabiyyar mai hoton, da izinin gidansu, ta yi aikin wuyan riga a hannu tun kafin mannawa, tunda allura ba ta huda katako. Sai an bar wannan ya kwana ya bushe sarai kafin tawada ta taɓa allon. Dalili kuwa, tawadarsu irin ta makarantar allo ce, baƙin tukunya da ƙaro, kuma ruwa yana sake narkar da ita ko bayan shekara. Ɗigon gam ɗaya a gefen kunci ya isa ya mayar da aikin mako guda dabbare-dabbare.

Ƙaron itacen hashab na yankin Kurdufan suke saye, wanda duniya ke zuwa nema a Sudan. Ana dakawa, a jiƙa kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyu ya kwana, a tace da ƙyalle. In ya yi yawa a tawada sai ta yi ƙyalli ta riƙa ɓarewa a zafin Kasala. Ɗan zuma yana hana hakan, amma ɗan kaɗan, in ba haka ba an gayyaci kiyashi. Wannan tawadar ba sabuwa ba ce a zanen ƙasar nan: mai zane Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin allo, da shi da abokan zamaninsa na Khartoum sun daɗe da shigar da harafin Larabci da layin alƙalami cikin zane.

Launin fatar mutum daga ƙasa yake fitowa. Ana dama jar ƙasa ko laka ta kogin Gash a ruwa mai yawa, a dakata yashi ya kwanta, a tsiyaye na saman a wani kwano, a shanya. Garin da ya rage shi ake haɗawa da ƙaro, kuma rana ba ta cin sa. Zoɓo kuwa mayaudari ne: jansa yana da kyau a kofi, amma yana sauka a kan alli sai ya koma shuɗi-shuɗi, kafin wani lokaci ya koɗe. Lalle yana kama fata da ulu, ba ya kama auduga sosai, shi ya sa za ka gan shi a kan guntayen fata kawai. Fatar ma sai an shafe bayanta da gam, don man jima yana tsattsafowa ya ɓata farin allo. Ƙusa da fil na ƙarfe an daina sa su saboda tsatsa.

Mun san malamai sun yi saɓani a kan zanen mai rai, kuma a cikinmu akwai masu ƙin sa. Saboda haka ba a zana kowa sai da yardarsa ko ta iyalinsa, wasu hotunan ma tufa da rawani ne kawai, an bar gurbin fuska fari.

Ranka ya daɗe, kukanmu biyu ne. Na farko gilashi. Aikin ƙaro ba ya son gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ga ƙurar guguwar habub, don haka kowane allo yana buƙatar gilashi da tazarar santimita ɗaya tsakaninsu, kada ya danne ɗinkin. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 kuwa kayan aikin da ake samu daga Khartoum sun yi wuya. Na biyu, muna roƙon a haɗa mu da marina da masu ɗinkin hannu na ƙasar Hausa, domin shunin baba da zaren aska da ake buƙata a rigunan dattawa ba a samun irinsu a kasuwarmu.

Yanzu muna gayyatar ka, ranka ya daɗe, ka yanke zare. Za a fara da allon da ke hannun dama, wanda aka bari rabi da gangan don a ga shafi-shafin aikin daga katako har zuwa tawada. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.