Bagungu: Masuntan Tafkin Albert da Harshen da Ya Makara Shiga Aji

Jama'a masu kallonmu, barkanku da wannan lokaci. Yau za mu leƙa yammacin Uganda, bakin Tafkin Albert, wanda ya raba ƙasar da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A gaɓarsa ta arewa maso gabas, kusa da inda kogin Nilu ke kwarara cikinsa, nan Bagungu suke zaune, galibinsu a gundumar Buliisa, wasu kuma a Hoima da Masindi. Harshensu Lugungu ne, daga dangin Bantu. Ƙidayar 2002 ta nuna masu magana da shi kusan 49,000 ne.

Tafkin nan shi ne rayuwarsu. A Butiaba da Wanseko za ku ga kwale-kwale jere a bakin ruwa, maza na gyaran koma, mata na shanya kifi. Suna noman rogo da auduga, suna kiwo. Can kudu, a ƙauyen Kibiro, mata ne ke haɗa gishiri: a baza busasshiyar ƙasa a kan fili mai danshin gishiri, rana ta jawo gishirin sama, a kankare, a tace da ruwa, a dafa har ya ƙafe. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana wannan aiki, 'ya tana gadonsa wajen uwa.

To, ina matsalar take? Bagungu sun daɗe a ƙarƙashin masarautar Bunyoro-Kitara. Da makaranta da coci suka zo, da harshen Runyoro suka zo, sai kuma Turanci. Yaro ya tashi a gida yana jin Lugungu, ranar da ya shiga aji sai ya tarar da baƙin da ake rubutawa a allo ba na bakin mahaifiyarsa ba ne. Harsunan biyu 'yan uwa ne, amma ba ɗaya suke ba. Runyoro wasula biyar gare shi, Lugungu kuwa ya fi haka, shi ya sa a rubutunsa ake ja layi a ƙarƙashin wasu wasulan don a bambanta su. Duk wanda ya san wahalar neman ƙ da ɗ da ɓ a waya ya san abin da wannan ke nufi.

An yi ƙoƙari. Ƙungiyar 'yan ƙabilar mai suna LUBITLA, da taimakon masana harshe na SIL, wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai nazarin harsuna, ta daidaita ƙa'idar rubutu, aka fitar da ƙamus da ƙananan littattafan karatu. A 2007 kuma gwamnatin Uganda ta kawo manhajar da ta ce a koyar da yaran karkara da harshen gida daga aji ɗaya zuwa aji uku. Sai dai doka a takarda ba ta koyar da yaro. Ana buƙatar malamin da shi kansa ya iya rubuta Lugungu, da littafi a hannun kowane ɗalibi, ga kuma ajin da 'ya'yan ƙabilar Alur ke zaune a ciki da nasu harshen daban.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne man fetur. A 2006 aka tabbatar da samunsa a yankin tafkin, kuma aikin haƙar mai na Tilenga na kamfanin TotalEnergies a Buliisa yake. Ƙasar da a da ta dangi ce, kowa ya san iyakarsa da baki, yanzu ta koma maganar awo da diyya da sa hannu. Mutanen nan sun taɓa rasa ƙasa: a farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka kwashe jama'a daga yankin saboda ciwon barci, wani ɓangarensa ya zama gandun dajin Murchison Falls a 1952. Don haka azuzuwan yaƙi da jahilci na manya ba ƙaramar buƙata ba ce a Buliisa. Dattijuwar da za ta dangwala yatsa a kan takardar gonarta tana da haƙƙin a ba ta bayanin a rubuce da Lugungu, ta karanta da kanta ko jikanta ya karanta mata.