Amsoshin Tambayoyinku: Daga Rarrafe Zuwa Yaye

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan mutanen nan suka taru, 'yan shekara ɗaya zuwa uku, waɗanda suka wuce jarirai amma ba su isa aike ba, masu hana uwa ta zauna ta ci abinci da zafinsa. Kamar kullum, gari kawai zan faɗa, suna kuwa na sakaya.

Ta farko daga Funtuwa take. 'Yar'uwa ta ce: "Ɗana watansa 14. Yana rarrafe, yana dafa bango ya miƙe, amma ya ƙi saki. 'Yar facalata da ya girma da wata biyu har gudu take a tsakar gida. Surukata ta ce nauyin ƙafa gare shi, a sayo masa keken koyon tafiya."

To 'yar'uwa, da farko dai ki daina auna shi da 'yar facala, don wannan awon ba ya ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, har da Ghana, ta fitar da sakamakon a 2006. A cikinsu akwai wanda ya taka shi kaɗai yana wata 8, akwai wanda sai da ya kusa wata 18, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Yaron da ke dafa bango ya miƙe ya riga ya kama hanya. Abin da zai sa ki kai shi asibiti shi ne ya cika wata 18 bai taka ba, ko kika ga yana jan ƙafa ɗaya, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya.

Keken kuwa, in irin wanda ake zaunar da yaro a ciki ne mai tayoyi a zagaye, ku bar kuɗinku. Ba ya sa yaro saurin tafiya, kuma Kanada ta hana sayar da shi tun 2004 saboda yawan haɗarinsa. Mu nan da ake girki a ƙasa, ga murhu ga tukunyar ruwan zafi, ai namu haɗarin ya fi nasu. In Hajiya ta matsa, a sa kafinta ya yi na katakon nan mai taya uku da yaro ke turawa a tsaye. Ki riƙa sauke shi daga baya kuma, ki bar shi a tabarma ba takalmi.

Ta biyu kuwa daga Maraɗi, wata dattijuwa ce ta sa jikanta ya rubuto mata. Ta ce: "Na haifi tara, na goya jikoki ban san adadinsu ba. Kowanne in zai yi haƙori sai ya yi zawo da zazzaɓi. Yanzu 'yata ta ce wai likita ya ce haƙori ba ya kawo zawo. Shin idona ne ya yi mini ƙarya shekara arba'in?"

Iya, barka da hutawa, Allah Ya ƙara girma. Idonki bai yi miki ƙarya ba. Kin ga zawo, kin ga haƙori, kuma tare kika gan su. Inda za mu ɗan saɓa shi ne wa ya kawo wa.

Haƙorin fari yakan ɓullo wajen wata shida. A daidai lokacin ne ake fara ba yaro ruwa da kunu, a lokacin ne yake soma jan ciki yana kai duk abin da ya tsinta baki, takalmi ne, kashin kaji ne, murfin buta ne. Kariyar da ya taho da ita daga jikin uwarsa kuma a lokacin take ja baya. Sannan Iya, ki lissafa: haƙoran yarinta 20 ne, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya har yaro ya doshi shekara uku. Ke nan a tsawon shekara biyu da wani abu, duk ranar da ciwo ya zo, in aka buɗe baki za a tarar da wani haƙorin a hanya. Haƙori ya zama kamar maƙwabcin da kullum ake samu a wurin da aka yi ɓarna, alhali wucewa kawai yake yi. Nasa laifin bai wuce dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi, rigimar dare da ɗan ɗumin jiki ba.

Abin da ya sa nake jan maganar nan, kalmar "haƙori ne" tana sa a zauna a gida. Lokacin da nake aikin jinya an taɓa kawo mini yaro kwana huɗu da fara zawo. Na tsunkuli fatar cikinsa na saki, ta tsaya a tattare kamar tsumma. Maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, yana kuka ba hawaye. Uwar tana ta ɗaga masa leɓe tana nuna mini dasashi, wai in ga na sama ne ke tahowa. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma ƙiris ya rage.

Saboda haka in zawo ya fara, ranar za a fara ba da ruwan gishiri da sukari na leda, ORS, a ruwa mai tsabta gwargwadon awon da aka rubuta a jikin ledar, a haɗa da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14. In babu na leda, rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali shida na sukari a lita ɗaya, a shafe bakin cokalin, ban da tozo. Nono kuma kar a tsayar. Jini a kashi, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko yaro ya kasa sha, wannan sai asibiti. Jiki ya yi zafi rau, a je a gwada jini, don sauro ba ruwansa da haƙori. Kwalaben "maganin haƙori" na kemis kuwa, ku tuna My Pikin. A ƙarshen 2008 wannan ruwan maganin ya lalata ƙodar yara a Legas da Ibadan da Zariya, hukuma ta ƙirga yara 84 da suka rasu, saboda wani sinadari mai guba da ya shiga haɗin. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, yaro ya ciccije, ya fi kwanciyar hankali.

Ta uku daga unguwar Zango a Kumasi. Ta ce: "Yarinyata watanta 13, sai ga shi na yi kwanika, cikin ya kai wata biyu. Mata sun ce nonona ya lalace, zai sa ta zawo ta rame, in shafa maɗaci in kai ta gidan mahaifiyata gobe-gobe. Ni kuma tausayinta nake ji."

Ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Nonon mai ciki ba ya zama guba. Yakan ragu in cikin ya yi nisa, ɗanɗanonsa ma ya sauya, har wasu yaran su bari don kansu. Ramar da ake gani a jikin ɗan kwanika, yawanci yayen gaggawa ne ke kawo ta: an cire nono dare ɗaya, ba a tanadi abin da zai maye gurbinsa ba sai farin koko. Sai a ce ai nonon ciki ne ya sha. Ki faɗa wa ma'aikaciyar awo kina shayarwa. In kina ganin jini, ko kin taɓa ɓari ko haihuwar bakwaini, ko an ce tagwaye ne, ita za ta ce ki tsaya. In ba haka ba, kina iya ci gaba, ki dai ƙara cin abinci, don mutum uku kike ci wa.

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, kuma ayar ta ce in iyaye biyu suka yi shawara suka yarda a yaye, babu laifi. Kin ga maganar taku ce ke da maigida, ba ta matan layi ba.

In kun tsayar da yaye, a bi shi sannu. Ki janye shan rana ɗaya, bayan 'yan kwanaki ki janye wani, na dare ya zama na ƙarshe. Yarinya kamarta tana bukatar abinci sau uku zuwa huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani: kunun gyaɗa mai kauri, alale, faten wake da manja, dankalin Hausa, kifi a marmashe, zogale a miya, da ƙwai. E, ƙwai na ce. Ɓarayin da na sani, ba ƙwai ne ya koya musu ba. Ki ba ta kwanonta ita kaɗai kuma, don in kika haɗa ta da yayyenta, kafin ta kai loma biyu sun suɗe kwanon.

Kai yaro gidan kaka, ban raina hikimar ba, kaka ta iya lallashi, uwa kuma ta huta. Amma a nawa ganin, raba yarinya 'yar wata 13 da nono da uwa a rana ɗaya ya yi mata yawa. In mahaifiyarki za ta iya zuwa ta kwana biyu a wurinku, ya fi.

Sai wani malami daga Gombe, kuma na ji daɗi da uba ya rubuto. Ya ce ɗansa na fari shekararsa biyu da wata biyu, ba ya cewa komai sai "Mama" da "a'a", sauran duk gwaranci da nuni. Ya ce yaron yakan yini da waya yana kallon katun, kuma a gidan ana Hausa ana Fulatanci, ko shi ne ya rikita shi?

Malam, harshe biyu ba ya hana yaro magana, Gombe cike take da shaidu. Amma ɗan shekara biyu ana sa ran ya fara haɗa kalma biyu, "ba ni", "Baba tafi", don haka kar a ce a jira. A fara da kunne. Ka tsaya bayansa inda ba ya ganinka ka kira shi a hankali, ka gani ko zai waiwayo. In ya taɓa sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko kunnensa na ruwa, ka faɗa wa likita, a yi masa gwajin ji sosai. Wayar kuwa, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu a raba shi da kallon allo, ɗan shekara biyu kuma kar ya wuce awa ɗaya a yini. Katun ba ya jiran yaro ya ba shi amsa.

Ga wata kuma da ba ka tambaya ba. Ka ce ɗan fari ne. Wasu iyayenmu har yau suna kunyar ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. A babban gida wannan ba ya cutar da shi, ga kaka ga gwaggo suna yi masa surutu. Amma in ku uku ne a gidan haya, kowa ya kama bakinsa, wa zai koya masa? A ajiye kunyar a ƙofar ɗaki. Ka ɗauke shi in za ka kanti, ka riƙa faɗa masa sunan abin da kuka gani, akuya, babur, lemo, ka ɗan saurara ya maimaita.

Wata daga Zinder ta tambayi maganin birgima in an hana yarinya abu. Ki janye abin da zai ji mata ciwo, ki bar ta ta gama, kar ki ba ta abin da ta yi birgimar dominsa. In kika bayar yau, gobe da shi za ta fara.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Akwai wasiƙar Garwa a kan fitsarin kwance da koyon zaman fo, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Iyaye a Najeriya, ku duba katin rigakafi, allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ake yin ta, da yawa suna tsayawa a ta wata tara. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. A huta lafiya.